Ofis da Asibiti a Fina-finan Batsa: Mafarin Salon da Abin da Ya Haifar

Fina-finan batsa da ake shiryawa a Amurka da Turai da Japan suna da 'yan labarai ƙalilan da suke maimaitawa shekara da shekaru, kuma kaso mai tsoka daga cikinsu a wurin aiki aka gina shi. Akwai shugaban kamfani da sakatariyarsa, likita da ma'aikaciyar jinya, fasinja da ma'aikaciyar jirgin sama, mai gyaran famfo da matar gida, sai kuma budurwa mai neman aiki da mutumin da ke yi mata tambayoyi daga bayan teburi. Labarin ba ya wuce 'yan mintuna, kuma ƙashin bayansa kusan ɗaya ne. Aiki ya haɗa mutum biyu, ɗaya yana riƙe da abin da ɗayan ke buƙata, ko gurbin aiki, ko ƙarin girma, ko rufin asiri a kan wani kuskure, sai a biya da jiki, fim ɗin kuma ya nuna kowa ya tashi da murna. Wannan cinikin laifi ne a dokokin ƙasashen da ake shirya fina-finan, amma shi ake sayarwa a matsayin nishaɗi, an kuma goge tsoro da tilas da ke tattare da shi a zahiri.

Inda salon ya samo asali

Tushen abin ya girmi masana'antar batsa ta zamani. A 1874 kamfanin Remington ya fara sayar da tafireta a Amurka, kuma cikin shekaru hamsin na'urar ta sauya fuskar ofis. A 1870 mata ba su kai uku cikin ɗari na akawunan ƙasar ba. Zuwa 1930 sun kai wajen rabi, a aikin buga tafireta kuwa fiye da tara cikin goma mata ne. 'Yan mata marasa aure suka fara wuni a ɗaki ɗaya da magidantan da ba danginsu ba, albashinsu kuma yana hannun waɗannan mazan. Jama'a ba su karɓi lamarin da sauƙi ba. Katunan wasiƙa da zanen barkwanci na farkon ƙarni na 20 cike suke da hoton maigida da 'yar tafireta a cinyarsa, uwargida kuma ta turo ƙofa. Tun lokacin aka liƙa wa sakatariya zargin cewa ba don aiki kaɗai aka ɗauke ta ba.

Kamfanonin jiragen sama sun ƙara wa abin kauri. A shekarun 1960 da yawa daga cikinsu a Amurka sukan sallami ma'aikaciya idan ta yi aure ko ta kai shekara 32 ko 35, ana kuma ɗora ta a sikeli lokaci lokaci don duba nauyinta. A 1971 kamfanin National Airlines ya fito da tallar da ke ɗauke da hoton ma'aikaciya da sunanta, da wasu kalmomi masu harshen damo da ke gayyatar fasinja. Ma'aikatan sun fusata, kuma a 1972 suka kafa ƙungiya don yaƙar irin wannan talla da ƙa'idojin aikin da ke bayanta. Ke nan masu fim ba su ƙirƙiri hoton ba. Sun tarar kamfanoni masu mutunci a idon jama'a sun riga sun sayar da shi, su kuma suka kai shi ƙarshe.

Daga ƙarshen shekarun 1960 sana'o'i suka zama jigo a sinima. Fim ɗin The Stewardesses na 1969, wanda aka shirya da kuɗi kaɗan, ya tara miliyoyin daloli. A 1970 kamfanin Roger Corman ya fito da The Student Nurses, wanda ya buɗe ƙofa ga jerin fina-finai a kan ma'aikatan jinya. A Ingila wani fim na barkwancin batsa a kan mai goge tagogi shi ne ya fi kowane fim na ƙasar samun kuɗi a 1974, sai na direban tasi da na mai koyar da tuƙi da na mai gyaran famfo suka biyo baya. A Japan kamfanin Nikkatsu, wanda ke dab da durƙushewa, ya koma shirya fina-finan batsa a 1971, kuma 'yan matan ofis suna cikin jigoginsa na farko.

Dalilan da suka sa salon ya kafu

Dalili na farko doka ce. A 1966 kotun ƙolin Amurka ta yanke cewa ba za a haramta littafi don batsa ba sai idan babu wani amfani ko kaɗan da yake da shi ga al'umma. A 1973, a shari'ar Miller da jihar Kalifoniya, ta ƙara tsaurara ma'aunin: za a duba aikin gaba ɗayansa a ga ko yana da ƙima ta adabi, ko fasaha, ko siyasa, ko kimiyya. Wannan ya sa furodusa yana buƙatar labari, ko da na jeka-na-yi-ka ne, wanda lauyansa zai nuna wa alƙali. A wajajen 1970 har an yi yayin wasu fina-finai da ke buɗewa da mutum sanye da farar rigar likita yana lacca a kan zaman aure, don a ce ilimi ake bayarwa. Farar rigar ta shigo a matsayin garkuwa daga hukunci, daga baya ta zauna a matsayin ado. A 1988 kuma kotun ƙolin Kalifoniya ta yanke cewa biyan 'yan wasa kuɗi don irin wannan fim ba kawalci ba ne, hukuncin da ya ba kwarin San Fernando da ke Los Angeles damar zama cibiyar sana'ar a fili.

Na biyu arha ce, kuma wannan dalilin ya fi yadda ake zato ƙarfi. Da kaset ɗin bidiyo ya mamaye gidaje a shekarun 1980, kasuwa ta koma neman yawa maimakon inganci, fim ɗin da a da ake kwashe makonni ana ɗauka ya koma na kwana ɗaya ko biyu. Ofis ba ya cin kuɗi. Ana kama ɗaki a wani sito, a ajiye teburi da kujera mai juyawa, da durowar fayil, da furen roba a kusurwa, da kwamfutar da ko a wuta ba a jona ta ba. Washegari a fitar da teburin a shigo da gado da farin labule, ɗakin ya zama asibiti. Sutura ma tana rage aiki. Tabarau da siket na nufin sakatariya, abin sauraren ƙirji a wuya na nufin likita, mai kallo ya gane wane ne babba wane ne ƙarami kafin a furta kalma. Shi ya sa farar hular jinya, wadda yawancin asibitocin Amurka da Ingila suka daina amfani da ita tun kafin ƙarshen ƙarnin da ya wuce, har yau tana nan daram a waɗannan fina-finai. Ba asibitin gaskiya suke kwaikwayo ba, alama suke nema da ido zai karanta nan take.

Na uku shi ne iko. Wurin aiki wuri ne da aka shata matsayin kowa a rubuce: wannan yana ba da umarni, wancan yana bi, kuma abincin na ƙasa yana rataye da yardar na sama. A 1995 John Bargh da abokan aikinsa suka wallafa gwajin da ya nuna cewa a wajen wasu maza, musamman waɗanda amsoshinsu suka nuna sauƙin kai ga cin zarafin mata, tunanin iko yana tayar da tunanin sha'awa ba tare da sun ankara ba. Fim ɗin ofis yana taɓa wannan jijiyar kai tsaye. Akwai kuma nau'in da ake juya lamarin, mace ta zama shugaba namiji ya zama yaronta, wanda wasu ke kafa hujja da shi cewa salon ba ya nuna wariya. Amma ko a nan saƙon bai canza sosai ba, domin muƙamin matar ba a nuna shi a matsayin abin da ƙwarewa ta ba ta, sai a matsayin wani abin jan hankali a jikinta.

Akwai kuma gaskiyar da ba za a kauce mata ba: mutane suna shafe mafi yawan wuninsu a wurin aiki, kuma soyayya tana ƙulluwa a can. Binciken Michael Rosenfeld na jami'ar Stanford ya nuna cewa a tsakiyar shekarun 1990 kusan ɗaya cikin biyar na ma'aurata da masoya a Amurka ta dalilin aiki suka haɗu, kafin adadin ya sauka zuwa wajen ɗaya cikin goma a 2017. Salon yana cin gajiyar wannan kusanci. Kuma yayin da kamfanoni suka riƙa tsaurara ƙa'idoji a kan hulɗar shugaba da na ƙasa da shi, sai abin ya ƙara ɗaukar kamannin haramtaccen abu, masana'antar kuwa da haramtaccen abu take ciniki.

Intanet ta zo ta ninka komai. Daga 2006 da 2007 aka fara buɗe manyan shafukan da ke ba da bidiyo kyauta, suna samun kuɗi ta talla. Kamfanin MindGeek da ke da babban ofishi a Montreal, wanda ya koma Aylo a 2023, ya tattara da yawa daga cikinsu, kuma shafinsa mafi girma ya ce an ziyarce shi sau biliyan 42 a 2019. A irin wannan kasuwa ba a sayar da fim, take da ɗan ƙaramin hoto ake sayarwa, kuma dole su ja yatsa cikin daƙiƙa ɗaya. Sunan sana'a yana yin wannan aikin: kalma ɗaya ce, kuma tana ɗauke da labari sukutum. Manhajar shafin tana lura da abin da aka fi latsawa ta ƙara turo irinsa, furodusoshi su duba alƙaluma su ƙara shirya irinsa. Da haka sana'o'in mutane suka zama rukunai a jerin zaɓi. Gasar jan hankali kuma tana tura taken zuwa ga tsanani. Masu bincike ƙarƙashin Fiona Vera-Gray a jami'ar Durham sun duba take fiye da 130,000 a manyan shafuka uku, suka wallafa a 2021 cewa ɗaya cikin takwas na abin da sabon mai ziyara ke fara gani yana bayyana wani nau'in cin zarafi ne, ciki har da tilastawa da yaudara.

Sauyi mafi muni da zamanin intanet ya kawo shi ne da'awar gaskiya. Tsofaffin fina-finan ba su ɓoye cewa wasa ne ba. Sabbin kuwa, musamman na ganawar neman aiki, an tsara su ne don mai kallo ya ɗauka matar ba 'yar wasa ba ce: kyamara tana rawa a hannu, ana tambayarta sunanta da garinsu, tana nuna kunya da ɗari-ɗari, a ƙarshe a bayyana cewa aikin da aka yi mata alkawari babu shi. Abin da ake sayarwa a nan shi ne ganin an yaudari mai buƙata.

Tasiri a kan mai kallo

Tambayar da aka fi jayayya a kanta ita ce ko kallo yana sauya hali. Gwaje-gwajen da suka fi kusa da batun wurin aiki guda biyu ne. A 1990 Doug McKenzie-Mohr da Mark Zanna a Kanada suka nuna wa ɗalibai maza sittin bidiyo, wasu na batsa wasu na wani abu dabam, sannan wata mace ta yi musu tambayoyi a matsayin jami'ar bincike. Mazan da tun asali suke da tsattsauran ra'ayi a kan matsayin mace, kuma suka kalli batsar, sun fi matso da kujera kusa da ita, daga baya sun fi tuna siffar jikinta, sun kasa tuna yawancin abin da ta faɗa. A 1995 Laurie Rudman da Eugene Borgida suka yi makamancin haka da tallace-tallacen talabijin masu tallata jikin mace, aka sa mazan su yi wa wata mai neman aiki tambayoyi. Waɗanda suka kalli tallar sun fi yi mata tambayoyin da ba su dace ba, sun kuma fi raina ƙwarewarta. Gwaje-gwajen ƙanana ne, kuma tasirin ɗan lokaci suka auna, amma abin da suka nuna shi ne ainihin abin da mata ma'aikata ke kuka da shi: ana kallonta, ba a jin maganarta.

A babban mataki masana sun rabu. Paul Wright da abokansa sun haɗa nazarce-nazarce 22 daga ƙasashe bakwai a 2016, suka sami alaƙa tsakanin kallon batsa da cin zarafi, na baki da na jiki. Christopher Ferguson da Richard Hartley sun sake tattara bayanai a 2020 suka ce alaƙar ba ta da ƙarfi idan aka cire sauran dalilai, suna kuma nuni da cewa a ƙasashe da dama alƙaluman fyaɗe ba su tashi tare da yaɗuwar intanet ba. Matsayin Neil Malamuth ya fi gamsarwa: batsa ba ta mai da kowane mai kallo azzalumi, amma ga namijin da tun asali yake da ƙiyayyar mata da ɗaukar jima'i abin wasa, tana ƙara wa wutar fetur. A wurin aiki kuwa ba a buƙatar maza da yawa. Shugaba ɗaya mai irin wannan hali ya isa ya hana sashe guda sakat.

Shekarun fara kallo ma abin dubawa ne. Rahoton kwamishinar kula da yara ta Ingila na 2023 ya nuna cewa matsakaicin shekarun da yaro ke fara cin karo da batsa shi ne 13. Yaron da bai taɓa shiga ofis ba, bai taɓa zama a gaban mai ɗaukar aiki ba, ya riga ya ga yadda fim ya ce waɗannan wurare suke.

Waɗanda suke sanye da kayan aikin na gaskiya

Nauyin salon ya fi sauka a kan matan da sana'arsu ta zama rukuni. Wata mai bincike, Barbara Gutek, ta bayyana tun farkon shekarun 1980 yadda tsammanin da ake yi wa mace a waje yake malalowa cikin aikinta, har a riƙa ganin kwarkwasa wani ɓangare ne na aikin sakatariya ko mai hidima. Ma'aikatan jinya su suka fi ɗanɗana wannan, saboda aikinsu ya ƙunshi taɓa jikin baƙo, da kwana a bakin aiki, da haƙuri da marar lafiya ko da ya wuce gona da iri. Wani nazari na 2014 da Paul Spector ya jagoranta, wanda ya haɗa bincike daga sassan duniya, ya gano cewa kusan ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan jinya sun fuskanci cin zarafi ta fuskar lalata. Fim ba shi kaɗai ya haifar da wannan ba. Abin da yake yi shi ne bai wa mai laifi uzuri da kalmomi, ya kuma sa masu jin ƙorafin su ɗauke shi abin dariya. Ƙungiyoyin jinya a Amurka da Ingila sun daɗe suna ƙorafi cewa wannan hoto yana zubar da darajar sana'ar da ake shafe shekaru ana karatunta, yana kuma hana wasu matasa shigarta.

Kotuna sun amince cewa batsa a wurin aiki cutarwa ce ga abokan aiki. A 1986, a shari'ar bankin Meritor da Mechelle Vinson, kotun ƙolin Amurka ta tabbatar cewa gurɓata yanayin aiki da neman lalata nau'i ne na wariya da wata dokar ƙasar ta 1964 ta haramta. A 1991 wata mai walda, Lois Robinson, ta yi nasara a kan kamfanin gyaran jiragen ruwa na Jacksonville a jihar Florida, inda hotunan tsiraici suka cika bango da akwatunan kayan aiki, mazan kuma suna jifanta da maganganu. Alƙalin ya karɓi hujjar cewa hotunan suna sa maza su riƙa kallon mata ƙalilan da ke wurin a matsayin abin sha'awa maimakon ma'aikata. Yau hotunan sun bar bango sun koma allon waya. A 2010 aka bayyana cewa an binciki ma'aikata 33 na hukumar kula da hada-hadar hannun jari ta Amurka kan kallon batsa da kwamfutocin gwamnati, wasunsu manyan jami'ai. A 2022 ɗan majalisar Birtaniya Neil Parish ya yi murabus bayan takwarorinsa mata sun gan shi yana kallon batsa a wayarsa a zauren majalisa.

Inda wasan ya zama gaskiya

Shaida mafi ƙarfi ba daga ɗakin gwaji ta fito ba, daga cikin masana'antar kanta ta fito. Wani kamfani a San Diego mai suna GirlsDoPorn ya shafe shekaru yana sa tallar neman masu tallan kaya a intanet. 'Yan mata, da yawa daga cikinsu ɗalibai masu neman kuɗin makaranta ko na haya, sukan amsa, a biya musu jirgi, a kai su ɗakin otal. Sai a can za su gane ko wane irin aiki ne. Ana rantse musu cewa faifan wasu masu saye ne kawai a ƙetare za su gani, ba zai taɓa hau intanet ba, har ana biyan wasu mata su yi musu ƙaryar tabbaci ta waya. Yarinya tana garin da ba ta san kowa ba, tikitin komawa yana hannun mutanen, ana tura mata takarda ana gaggauta ta ta sa hannu: gaba kura baya sayaki. Bayan 'yan makonni bidiyon yakan bazu, sunanta na gaskiya ya fita, ya isa ga iyayenta da malamanta da wurin aikinta. Da yawa sun rasa aiki, wasu sun bar makaranta, wasu sun yi yunƙurin kashe kansu. A Janairun 2020 kotu ta ba mata 22 diyyar kusan dala miliyan 13. An ɗaure ɗaya daga cikin masu aikin shekara 20 a 2021, mai kamfanin kuma, Michael Pratt, an kama shi a Madrid a Disamban 2022 bayan ya tsere, aka yanke masa shekara 27 a 2025. A 2023 kamfanin Aylo ya amsa a gaban kotun tarayya cewa ya karɓi kuɗin da ya fito daga wannan harka. Miliyoyin da suka kalli bidiyon sun ɗauka salon da suka saba gani ne, alhali laifi ne ake aikatawa a gaban kyamara.

A Japan ma an daɗe ana tare 'yan mata a titi da alkawarin aikin talla ko waƙa, a sa su hannu a kwantiragi, sannan a yi musu barazanar tara mai yawa idan suka ja da baya. Da aka rage shekarun balaga a doka daga 20 zuwa 18 a Afrilun 2022, majalisa ta yi doka a watan Yuni na shekarar: sai an bar wata ɗaya tsakanin sa hannu da ɗauka, wata huɗu tsakanin ɗauka da fitarwa, kuma wadda ta fito tana da damar janye yardarta cikin shekara ɗaya bayan fitar fim.

Sabon babi shi ne na ƙirƙirarriyar basira. Kamfanin Deeptrace ya ƙirga a 2019 cewa kashi 96 cikin ɗari na bidiyon jabu da ke intanet na batsa ne. A da sai an nemo 'yar wasa ta sa kayan sakatariya. Yanzu hoton abokiyar aiki da aka ɗauka a taron ofis ya isa a ɗora fuskarta a jikin wata. A 2024 Koriya ta Kudu ta gano zaurukan Telegram da ake yaɗa irin waɗannan hotuna na malaman makaranta mata da sojoji mata da ɗalibai, abin da ya sa majalisa ta mai da ko mallakarsu da kallonsu laifi. Amurka ta yi tata dokar a Mayun 2025, wadda ta tilasta wa shafuka sauke hoton tsiraici da aka sa ba da yardar mai shi ba cikin sa'o'i 48.

Yadda abin ya shafi ƙasar Hausa

Ba a nan ake shirya waɗannan fina-finai ba, amma waya mai arha ta kawo su aljihun matasa. Inda lamarin ya fi taɓa yankin shi ne aikin lafiya. Arewacin Najeriya yana fama da ƙarancin ungozoma da ma'aikatan jinya mata, alhali magidanta da yawa ba sa son namiji ya duba matansu, abin da ke sa wasu masu ciki su ƙi zuwa asibiti. Saboda wannan gibin ne aka fara wani shiri da tallafin Birtaniya a 2012 a jihohin Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe don ƙara yawan mata a makarantun koyon aikin lafiya. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke sa iyaye da mazaje ɗari-ɗari shi ne zargin da ake yi wa macen da ke aikin dare tare da maza. Zargin tsoho ne, ba daga waje ya zo ba, amma hoton da ke shigowa ta waya yana ƙara masa nauyi, kuma asarar tana komawa kan mai naƙudar da ba ta sami mace ta karɓi haihuwarta ba.

Cinikin da fim ke ƙawatawa kuma sananne ne a zahiri. Binciken BBC na Oktoban 2019 ya nuna malamai a jami'ar Legas da jami'ar Ghana suna neman lalata da 'yan jaridar da suka ɓad da kama a matsayin ɗalibai, kuma abin da ya fi fitowa fili a hirarrakin da aka yi da waɗanda abin ya taɓa shi ne tsoro da shiru na tsawon shekaru, ɓangaren da fim ba ya nunawa. A matakin doka, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar da yarjejeniya mai lamba 190 a kan cin zarafi a wurin aiki a Yunin 2019, ta fara aiki a 2021, Najeriya kuma ta rattaba mata hannu a 2022. Yarjejeniyar ba ta tsaya kan mai albashi kaɗai ba. Ta haɗa da mai neman aiki, da mai koyon sana'a, da wanda aka sallama, ta kuma shafi abin da ke faruwa a tafiyar aiki, da hanyar zuwa da dawowa, da saƙonnin da abokan aiki ke tura wa juna ta waya da intanet.